Baƙuwar ciyawa ba ta shiga sai an buɗe mata ƙofa

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan baƙin tsirrai da ke mamaye daji da makiyaya. Kullum laifin a kan ciyawar ake ɗorawa, wai muguwa ce, ni kuwa a ganina sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Fili in yana cike da tsirransa na asali, ai sun riga sun rabe komai tsakaninsu, ruwa, hasken rana, takin da ke cikin ƙasa, baƙon iri ko iska ta kawo shi da ƙyar yake kai labari. Amma da an sa katafila an kankare wurin don titi, ko an banka wuta, ko dabbobi sun cinye har saiwa, shi ke nan fa abinci ya samu ba mai ci, kuma wanda ya fi saurin tsiro da yawan iri shi ke rigan kowa, su na asalin kafin su farfaɗo an gama rabo.

Ku dubi yammacin Amurka. Akwai ciyawar da suke kira cheatgrass, daga Turai da Asiya ta shigo musu a ƙarshen ƙarni na 19, ta tarar shanu da tumaki sun yi wa makiyaya ƙarƙaf, ta bazu. Abin da ya fi ba ni mamaki, ita da wuri take bushewa, sai ta zama makamashin gobara, wuta ta cinye ƙananan itatuwan wurin da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su dawo, ita kuwa shekara na zagayowa ta fito har ta fi da. Wato da kanta take jawo ɓarnar da ke ƙara mata fili, kai jama'a!

Ban ce kowace wuta ko kiwo ɓarna ba ne, wasu filayen ciyawa ma da su suka saba tun fil'azal, in aka hana sai ƙaya da itace su cinye su. Sauya musu abin da suka saba shi ne matsalar.

Shi ya sa nake roƙon masu aikin titi da haƙar ma'adinai, har da masu kamfen ɗin tuge baƙuwar ciyawa, in kun gama kar ku bar ƙasa tsirara, ku shuka na asali nan take kafin damina ta faɗi, ku kuma riƙa wanke tayoyin motocinku don a nan irin ke maƙalewa.

Naku,
Mai karatu