Rahoton Shekara: Aikinmu Kan Filayen Galuwa a SageMath

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Bana zaman karatunmu ya fi karkata ga filayen Galuwa (tsarin lissafi mai 'ya'ya ƙidayayyu da ake tarawa, debewa, ninkawa da rabawa a cikinsa, ana rubuta mai 'ya'ya n da GF(n)) da yadda ake faɗaɗa su cikin fayilolin umarni na manhajar lissafi ta SageMath, wato Sage.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne bambancin fayil ɗin .sage da na .py. A .sage, Sage na gyara rubutun kafin Python ta karanta shi, shi ya sa 2^8 ke ba da 256. A .py kuwa alamar ^ aikin XOR (kwatanta lambobi biyu bit da bit) take yi, sai 2^8 ya koma 10, GF(10) kuma ya tsayar da shirin nan take, saboda babu filin Galuwa mai 'ya'ya 10. Wannan da sauƙi, tunda kuskuren ya nuna kansa. Mai haɗarin shi ne GF(2^5): XOR ɗin 2 da 5 bakwai ne, bakwai kuma lambar firam ce, don haka shirin zai ci gaba shiru yana lissafi a GF(7) alhali ana zaton fili mai 'ya'ya 32 ne. Mun tsayar da ƙa'ida: a .py a rubuta K = GF(2**5, 'a'), sannan a = K.gen(), a kuma duba K.order() kafin komai.

Sai batun folinomiyal ɗin da ake gina filin a kansa. Idan ba a faɗa ba, Sage na ɗaukar na Conway, wanda a GF(2^8) shi ne x^8+x^4+x^3+x^2+1, irin wanda lambobin QR ke amfani da shi. AES, tsarin ɓoye bayanai da Amurka ta amince da shi a 2001, yana kan x^8+x^4+x^3+x+1. Wanda ya manta bai saka modulus ba, wato wannan folinomiyal na AES, 57 sau 83 a heksa (ƙidaya mai tushe 16) ba zai ba shi c1, amsar da AES ke bayarwa, ba. A filin AES ɗin ma idan aka yi ta ninka x da kansa ba ya zagaye dukkan 'ya'ya 255 da ba sifili ba, a 51 yake komawa ɗaya. X+1 ne ke yi.

Faɗaɗawa kuwa, GF(2^4) na shiga GF(2^8) saboda 4 na raba 8, amma GF(2^3) ba ya shiga. Idan an ba filayen suna da hannu, Sage ba zai haɗa su da kansa ba, sai a yi L, f = K.extension(2, 'b', map=True) a riƙa wuce da 'ya'yan K ta f.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, za mu kwatanta waɗannan lissafai da sakamakon manhajojin lissafi na GAP da PARI/GP.