A gyara Azteca, amma a bar masa sunansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan gyaran filin Azteca na birnin Meziko, inda aka tsara buɗe gasar cin kofin duniya ran 11 ga Yunin 2026. Filin nan fa tun 1966 aka buɗe shi, a nan Pele da Brazil suka lallasa Italiya 4-1 a wasan ƙarshe na 1970, a nan Maradona ya ci Ingila da hannu a 1986 kuma ya ɗaga kofi, to kun ga ba ƙaramin wuri ba ne.

Gyara kam dole ne, shi ya sa aka rufe shi a 2024, ciyawa da kujeru da fitilu duk suna son sabuntawa. Ni abin da bai min ba shi ne sunan, wai saboda bankin Banorte ya zuba kuɗi sai aka maida shi Estadio Banorte. Haba! Wa zai kira shi haka?

Sai rigimar masu ɗakunan kallo na alfarma, mutanen da suka saya na shekara 99 tun lokacin ginin, da kuɗinsu aka taimaka aka gina filin, sannan FIFA ta zo tana son duk kujerun su koma hannunta lokacin gasa. Gaskiya a nan ina bayan masu ɗakunan, takarda suke da ita.

Naku,
Wani mai son ƙwallo