A Buɗe wa Gogaggun 'Yan Jarida Ƙofar Koyarwa a Jami'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka don yin tsokaci kan 'yan jaridar da ke barin ɗakin labarai su koma koyarwa a jami'a.

Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanar a 2020 cewa za a raba kwas ɗin aikin jarida gida 7, buƙatar malaman da suka taɓa yin aikin da hannunsu ta ƙaru. Sai dai ƙofar shiga ƙarama ce. Editan da ya shekara 20 yana tace labarai, in digiri na biyu kawai gare shi, galibi daga matakin ƙasa zai fara, kuma da wuya ya zama babban malami ba tare da digirin digirgir ba. Da maƙalun mujallun ilimi ake auna ƙarin girma, rahotannin binciken da ya buga kuwa ba a sa su cikin lissafi. Wannan asara ce. Ya kamata jami'o'i su ware wa irin waɗannan mutane gurbi, a auna su da aikin da suka buga ko suka watsa.

Su ma masu komawar akwai gyara a wajensu. Inda aka fi samun matsala shi ne malam ya cinye awa biyu yana ba da labarin gwamnonin da ya yi hira da su, ɗalibi ya fita bai rubuta layi ɗaya ba. Ba a koyon wannan sana'a da sauraro. A raba aji rukuni-rukuni, mutum 8 zuwa 10, kowane rukuni da editansa. A tura su kotun majistare ko kasuwa, su dawo da labari mai kalma 300 da majiya aƙalla 2, kafin ƙarfe huɗu. Wanda ya makara an ƙi karɓa, kamar yadda injin ɗab'i ba ya jiran kowa. Malam ya bi rubutun da jan biro, ɗalibi ya sake rubutawa. Nan ne koyon yake, kuma nan ake yawan tsallakewa saboda cunkoso.

A sa kowane rukuni ya rubuta wa wata ma'aikata takardar neman bayani bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, su ƙirga kwana 7 da dokar ta tanada domin ma'aikatar ta ba da amsa, su ga me zai biyo baya. Jami'o'in da ke da gidan rediyo, irin su Bayero da Ahmadu Bello, su damƙa wa waɗannan malamai shirin labaran Hausa, ɗalibai su riƙa fassarawa suna karantawa kai tsaye.

Na gode.

Daga mai karatunku a Kano