Wasiƙa zuwa Kumasi: ka fara neman haske kafin sabon gilashi

Kano, Nijeriya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, abokina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da duk mutanen zango. Yaya ƙarfin jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya, ya ja kwana. Mu nan ƙalau muke, sai zafin bazara da ya sako mu gaba, kowa ido na sama ana jiran ruwan fari.

Saƙonka ya iso tare da hotunan. Na ji daɗi ƙwarai da ka samu kyamara taka ta kanka. Nikon D3300 ɗin nan, ko da ta hannu ce, ba abar rainawa ba ce. Tun 2014 aka fitar da ita, amma megafiksel 24 ɗinta sun ishe ka wanke babban hoton da za a rataye a bango. Ka tambaye ni ko ka tara kuɗi ka sayi gilashin 85mm, wato lens ɗin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda mai shago ya ce maka shi ne na ɗaukar fuska. Ni dai shawarata ka dakata tukuna. Na zauna na duba hotunan Hajiya ɗaya bayan ɗaya, abin da ke damunsu haske ne, kuma ko gilashin miliyan ka ɗaura ba zai gyara shi ba.

Amma bari in fara sallamar maganar gilashin, tunda ita ke cinka a rai. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, 85mm gilashi ne mai kyau. Sai dai allon da ke kama haske a cikin kyamararka ƙarami ne, don haka duk lambar da ka gani a jikin gilashi sai ka ninka ta sau ɗaya da rabi kafin ka san yadda zai gani. Ka ga 85 ya koma wajen 128 ke nan. In kana son Hajiya ta fito tun daga ɗankwali har ƙafa, sai ka ja baya kusan mita 7. Wane ɗaki ne a zango zai ba ka wannan filin? Ko tsakar gida ma da ƙyar. Shi kuwa 50mm, wanda a wurinka zai zama kamar 75, daga mita 2 zai ba ka mutum daga kai zuwa ƙugu, daga mita 4 da 'yan kai kuma ya ba ka shi a tsaye gaba ɗaya. Shi ne daidai da gidajenmu, kuma kuɗinsa bai kai na wancan ba ko kusa.

Ka yi ƙorafin hoton waya yana ƙara wa mutum girman hanci. Laifin kusanci ne. Gilashin waya mai faɗin gani ne, dole sai ka matso dab da fuska kafin ta cika hoton, to a wannan kusancin hanci ya fi kunne kusa da kyamara nesa ba kusa ba, sai ya kumbura, kunnuwa su shige baya. Da ka ja baya mita 2, kowace gaɓa ta koma girmanta. Wannan za ka iya gwada shi yau ba tare da ka kashe ko sisi ba: murɗa gilashin 18-55 da ya zo da kyamarar zuwa 55, ka ja baya, ka ɗauka.

To me 50mm ɗin zai ƙara maka? Haske. Gilashinka na yanzu in ka kai shi 55 ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, shi kuwa wancan yana buɗewa har f/1.8 (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa), wato hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma. A ɗaki mai duhu-duhu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da za ka saya ka lura da abu biyu. Ka tabbata an rubuta AF-S a jikinsa, da harafin G a ƙarshe. Akwai tsohon samfuri mai harafin D da ya fi araha, amma kyamararka ba ta da injin juya gilashi a cikinta, in ka sayi wannan da hannu za ka riƙa saita shi har abada. Na biyu, ka haska cikinsa da tocilan ɗin waya ka leƙa. Garinku akwai danshi, fumfuna na tsirowa a cikin gilashi ta yi zare-zare, in ka ga haka ka ajiye musu kayansu. Kuma in ka saya kada ka maƙale a f/1.8 don kawai bayan hoto ya yi dishi-dishi. A tazarar mita ɗaya da rabi, abin da zai fito tangaram bai wuce santimita 6 ba, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya ɓace. Mutum ɗaya ka sa f/2.8, ka saita a kan idon da ya fi kusa da kai. In jama'a ne ka koma f/5.6.

Yanzu ga ainihin maganar. A hoton farko ka zaunar da Hajiya a tsakar gida da rana tsaka. Rana na bisa kai, goshinta ya yi wa idanunta inuwa har ba a ganin ƙwayar, farin mayafinta kuwa ya ƙone fat, ba ko alamar adon da ke bakinsa. A na biyu ka shigar da ita ɗaki amma ka ba ta taga a baya, sai kyamara ta auna hasken tagar ta bar fuskar cikin duhu. A na uku ka kunna filasha, goshi da karan hanci suka ɗau walƙiya, ga baƙar inuwa manne a bango bayanta. Duk ukun matsalarsu guda: ba ka tsaya ka duba daga ina haske ke zuwa ba, kuma yaya girman wurin da yake fitowa.

Ƙa'idar ita ce, in wurin da haske ke fitowa ƙarami ne a idon wanda ake ɗauka, inuwa za ta yi kaifi. In babba ne, sai ta yi laushi. Rana duk girmanta nesa take, don haka ƙaramar fitila ce a wurin fuska. Filashar kan kyamara ba ta kai akwatin ashana ba. Amma da gajimare ya rufe rana, sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila. A nan kun fi mu sa'a, domin Kumasi ba ta rabo da gajimare. Mu sai mun jira hazon hunturu ko sanyin la'asar. Ranar da gari ya lumshe, fito da ita bakin baranda kawai, rabin aikin ya ƙare.

In kuwa rana ta buɗe, ƙofa ita ce abokiyar aikinka. Akwai wani dattijo mai ɗinkin hula a unguwarmu da na ɗauka a zaurensa kwanakin baya. Ban motsa shi daga tabarmarsa ba sai da taki ɗaya, yadda ƙofar zauren ta koma gefensa, ta ɗan gaba kaɗan. Rana ba ta taɓa shi, hasken da ke dawowa daga ƙasar titi da bangon maƙwabta ne kawai ke shigowa. Sai ga kuncinsa na dama ya haskaka, kowane layin tsufa ya fito, furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya, har zaren da ke tsakanin allura da hular ana gani. Ɗaya kuncin ya yi duhu fiye da yadda nake so, na sa jikansa ya riƙe farin zanen gado daga wancan gefen, hasken ƙofa ya bugi zanen ya dawo masa. A ƙarƙashin idonsa na hagu wani ɗan haske mai kusurwa uku ya zauna, irin wanda masu hoto ke jingina wa Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Cikin zauren kuwa ya yi baƙi wuluk a bayansa, domin haske na raguwa da sauri in ana nisa da ƙofa. Da fitila ce, ninka tazara sau biyu yana mayar da haske kashi ɗaya cikin huɗu, ƙofa ma kusan haka take yi. Tarkacen da ke jingine a bango duk duhu ya haɗiye su, ba sai na nemi labule ba. Haka nake so ka yi wa Hajiya. Ka duba cikin idonta kafin ka danna: in ka ga ɗan ɗigon hasken ƙofa yana ƙyalli a ciki, to ka samu.

Sai maganar da ta fi damuna, wato launin fatarmu. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi ba. In ya ga farin mayafi ya cika hoto, sai ya rage haske, fuska ta nutse. In ka auna a kan baƙar fata kaɗai, sai ya ƙara haske har fatar ta koɗe kamar an shafa mata toka. Ko ta ina ba zai ba ka Hajiya yadda Allah ya yi ta ba, sai ka sa hannu. Akwai ɗan maɓalli mai alamar +/- kusa da inda kake dannawa, da shi ake ƙarawa ko ragewa. Ƙara kaɗan-kaɗan kana duba hoton a allon bayan kyamara, ka tsaya daidai inda adon mayafi bai ɓace ba, sauran hasken da fuska ke buƙata kuma farin zane ya kawo shi. Ka ɗauka a tsarin RAW, domin yana ajiye abin da za ka iya farfaɗowa daga inuwa daga baya.

Wannan matsala ta daɗe. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Sai a 1995 suka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Yau kuma mu da kanmu muke ƙarasa ɓarnar da filtar waya. Raina yana ɓaci in na ga hoton biki an wanke amarya tas har danginta na tambayar wace ce. Baƙar fata kyanta a sheƙinta yake, kuma haske mai faɗi daga gefe shi ke fito da wannan sheƙin a kan kunci da goshi a hankali. Gumi kawai za ka sa a goge da hankici. Don Allah kada ka ƙara wa Hajiya fari ko kaɗan. Jikokinta su san ta da launinta.

In kana son ganin iyakar abin da hasken Allah ke iya yi, nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako a intanet. Ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana, labulensa na farko ma zanen gadonsa ne, kuma galibi ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. Ka duba yadda fata ke sheƙi a hotunan, da yadda zanen atamfa ke fitowa ba tare da fuska ta ɓace ba. Ka duba kuma na J.D. 'Okhai Ojeikere na nan Nijeriya, wanda tun daga 1968 ya bi kitson mata yana ɗauka har ya tara kusan dubu. Bayan hotunansa fayau yake, ba komai, don kada wani abu ya ja ido daga kan kitson. Uwargida za ta ji daɗinsu.

Da dare ba ni da dogon bayani, in da hali ka bari sai da safe. In ya zama dole, kashe fitila mai ruwan ɗorawa ka bar fara, ko ka yi akasin haka, kada dai ka haɗa biyun, domin rabin fuska zai yi ja rabi ya yi shuɗi. Saurin ƙiftawar kyamara ka bar shi a 1/100 na daƙiƙa, tunda wutar lantarkinku irin tamu ce mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen fitila kuma suna rawa da ita. Kada ka ji tsoron kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600, ko da zai sa hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi wanda ya girgiza.

Ranar da za ka ɗauki Hajiya, ka bar ta ta zaɓi kayanta da kanta, kada ka ce mata ga wanda zai fi kyau. Ka durƙusa ko ka zauna a ƙasa yadda kyamara za ta yi daidai da idonta, ɗaukar babba daga sama ba ladabi ba ne, kuma yana ƙanƙantar da shi a hoto. Kada ka ce ta yi murmushi. Ja ta da hira, tambaye ta labarin zuwansu Kumasi, ko wanda ya fi ƙiriniya a cikinku kuna yara, fuskar za ta saki da kanta. Ka ɗauki hannayenta su kaɗai, da carbin da lallen. In za ka ɗauki sauran matan gida ka nemi izininsu, kuma kada hoton kowa ya hau Facebook sai da yardarta. Waɗanda suka yi kyau ka kai a wanke maka su a takarda, ka ba ta nata ta riƙe, domin waya na faɗawa ruwa, katin ajiyar hotuna na kyamara na lalacewa.

Ka gwada na bakin ƙofar nan da gilashin da ke hannunka, da safe ko bayan la'asar, ka turo mini yadda suka fito daga kyamara ba gyara, tare da lambobin da ka sa. Daga nan sai mu san ko lokacin sayen 50mm ya yi.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida uwargida da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ku.

Wassalam,
Abokinka na Kano