Ciyawa ko Hatsi: Abin da Sa Ya Ci da Kitsen da Ke Namansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ce wani abu game da maganar da ake yawan yi cewa naman san da ya tashi a kan ciyawa ya fi na turke amfani ga jiki. Maganar tana da tushe, sai dai ana ƙara mata gishiri, kuma wanda zai auna ta da adalci sai ya fara duba tumbin san kansa.

Ɗanyar ciyawa tana ɗauke da mai na rukunin omega-3, wato nau'in man da ake yaba amfaninsa ga jiki, hatsi kuwa irin su masara omega-6 ne ya rinjaya a cikinsu. Da kaza ce, abin da ta ci zai bayyana a kitsenta kusan yadda ya shiga. Sa ba haka yake ba, domin ƙwayoyin bakteriya da ke tumbinsa suna tare wannan mai tun kafin ya kai hanji, su mayar da mafi yawansa kitse mai daskarewa, wato irin wanda ke yin fari a saman romo idan ya huce. Ɗan abin da ya tsallake wannan shinge shi ne ke isa tsoka.

Duk da haka bambancin yana nan. Naman san ciyawa ba shi da kitse sosai, omega-3 ɗinsa ya fi yawa, kuma kitsen nasa kan yi ruwan ɗorawa saboda sinadarin karotin da ke cikin ganye, launin da wasu masu saye ke gudu alhali ba aibu ba ne. Wannan fifiko ba ya daɗewa: idan aka ɗaure san aka koma ba shi hatsi, cikin 'yan watanni omega-3 ɗin zai ragu ƙwarai, kitsen ya yi fari ya ratsa tsoka. San turken ma ba a bar shi hannu rabbana ba, don kitsensa ya fi yawan sinadarin oleyik, wanda shi ne ya fi yawa a man zaitun, kuma yana da hannu wajen laushin kitsen da ɗanɗanonsa.

Inda nake ganin ana wuce gona da iri shi ne wajen yawa. Ko da omega-3 na naman ciyawa ya ninka na turke, abin da aka ninka ɗin ƙanƙane ne tun asali, kuma bai kama ƙafar abin da ke cikin kifi mai maiƙo irin sadin ba. Saboda haka ina roƙon masu rubutu a kan abinci, duk lokacin da suka ce an ninka, su faɗa mana miligiram nawa ne a cikin giram 100 na naman.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku