Wasiƙar Godiya ga Masu Teburin Gyaran Alƙalami a Baje-kolin Bana

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin ma'aikatan shagon gyaran alƙaluma da suka kafa tebur a baje-kolin alƙaluman tawada na bana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kun koma gida lafiya, na ga ya fi dacewa in rubuta muku wannan wasiƙa a bainar jama'a maimakon in aiko muku da ita a keɓe, domin yabon gwani ya zama dole, kuma domin akwai mutane da dama da ke ajiye da tsofaffin alƙaluma a ƙasan akwati, sun riga sun fid da rai da su saboda irin amsar da suka sha samu a wasu wurare.

Alƙalamin da na kawo muku ba wani abin a-zo-a-gani ba ne a idon masu tara alƙaluma. Esterbrook ne samfurin J, irin wanda kamfanin da Richard Esterbrook ya kafa a 1858 a garin Camden na Amurka ya riƙa ƙerawa da yawan gaske tun daga ƙarshen shekarun 1940, don amfanin ɗalibai da akawuna da duk wanda aljihunsa bai kai ga alƙalami mai bakin zinariya ba. Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, darajarsa a wurina ke nan. Ɗan ƙarfen da ke gefensa, wanda ake ɗagawa a zuƙo tawada, ya daɗe da ƙagewa, kuma idan aka girgiza alƙalamin sai a ji wani abu yana ƙara a ciki.

Kafin in zo gare ku na sha wuya a kansa. A wani babban kanti da ke tinƙaho da kayan rubutu masu tsada, mai sayarwa bai ma miƙo hannu ya karɓa ba. Kallonsa kawai ya yi daga nesa, ya ce zamanin irin waɗannan ya wuce, sannan ya shiga nuna mini sababbin da ke cikin gilashi. Wani mai gyara kuma ya karɓa da alkawarin mako guda, ya riƙe shi wata da watanni ina zarya, a ƙarshe ya dawo mini da shi da sawun haƙoran filaya a wuyansa, ya ce ba ya gyaruwa, ko haƙuri bai ba ni ba. Wannan tabon shi ya fi ƙona mini rai, domin alƙalamin ya yi shekaru fiye da sittin ba tare da ko ƙwarzane a wurin ba, sai da ya faɗa hannun wanda ya kira kansa gwani.

Da irin wannan zuciya na shiga zauren baje-kolin, kuma abin da na tarar bai ƙara mini ƙarfin gwiwa ba. Ga jajayen Parker Duofold, waɗanda aka fara fitarwa a 1921, jere a kan ƙyalle. Ga Pelikan masu tsarin zuƙo tawada da fistin (ɗan abin da ke janyo tawada ciki kamar na sirinji), wanda kamfanin ya shigo da shi kasuwa a 1929. Ga na Japan irin su Sailor da Pilot, wasunsu da zanen garin zinariya da aka yi da hannu. Mutumin da ke gabana a layinku Montblanc 149 ya kawo a sake wasa masa baki. Duk wanda ya ga haka dole ya tambayi kansa ko za a kula shi da ɗan alƙalaminsa mai bakin ƙarfe.

Malamar da ke zaune a ƙarshen teburinku, mai tabarau rataye a wuya, ita ce dalilin wannan wasiƙa. Da layi ya zo kaina sai ta shimfiɗa tsumma mai laushi, ta nemi izinina kafin ta kwance marfin, kamar yadda na ga ta yi wa mai Montblanc ɗin ba ragi. Ta duba shi da gilashin ƙara girman abu, ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta ce mini 'yar jakar robar da ke riƙe tawada ce ta bushe ta farfashe, kuma wannan shi ne ciwon kusan kowane tsohon alƙalami mai irin wannan tsari, ba alamar mutuwa ba ce. Da ta ga sawun filayar, shiru ta yi na ɗan lokaci, ba ta zagi kowa ba, ta dai ce za ta rage shi iya abin da zai yiwu amma ba zai ɓace gaba ɗaya ba. Wannan gaskiyar da ta faɗa tun kafin ta fara aiki ita ta fara kwantar mini da hankali.

A gabana ta yi komai, tana yi tana bayani. Ta ɗumama wuyan alƙalamin da iska mai ɗumi, ta ce ba a kusantar da tsohon alƙalami ga harshen wuta domin wasu robobin da ake ƙera su da su a da suna kamawa nan take, sannan ta riƙe shi da ɗan yankin roba ta motsa a hankali har ya saki. Baƙin ɓurɓushi ya zubo a kan tsumman. Ta kankare ragowar, ta ɗauko sabuwar jaka lamba 16, ta gwada tsawonta ta datse, ta manne ta da wani irin ƙaro da ake kira shelak, ta barbaɗa mata hoda don kada ta kama jikin alƙalamin daga ciki. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta yi amfani da gam mai ƙarfi na zamani ba. Amsarta ita ce shelak yana yin laushi idan ya ji ɗumi, don haka wanda zai sake gyaran nan gaba, ko da ba ita ba ce, zai iya buɗewa ba tare da ya fasa komai ba. Ban taɓa jin mai gyara yana tunanin wanda zai zo bayansa ba sai a ranar.

Batun bakin alƙalamin shi ne inda na tabbatar da halinta. Bakin Esterbrook kwance shi ake yi a ɗaura wani, kuma kowane da lambarsa. Nawa 2668 ne, wanda ba shi da ɗigon ƙarfe mai tauri a tsininsa, ƙarfen bakin ne kawai aka lanƙwashe, shi ya sa yake cinyewa da yawan rubutu. Tana da 9668 a aljihun teburinta, mai wannan ɗigon, wanda ya fi ƙarko, kuma da ta ce in saya da na saya ba musu. Maimakon haka ta miƙo mini gilashin, ta nuna mini yadda tsinin ya zaizaye ta gefe guda daidai da yadda mahaifina ke karkata hannunsa, ta ce zaɓi nawa ne, amma bakin yana da sauran aiki a gaba. Da farcenta ta daidaita harsuna biyu na tsagin bakin da suka ɗan saɓa, ta tsoma shi a tawada ta ba ni takarda, ya kuwa tafi sumul ba ƙaiƙayi. Ta gargaɗe ni kada in cika shi sai washegari don mannen ya kama, kada kuma in taɓa zuba masa tawadar zane, wadda ke daskarewa ta toshe hanyar tawada.

Sauran lamuran teburinku, rajista da rasiɗi da makamantansu, sun tafi daidai. Haka su ma masu tara alƙaluman da na zauna da su a teburin gwajin tawada na same su mutanen kirki. Wani dattijo ya ba ni Parker 51 ɗinsa, samfurin da ya fara fitowa a 1941, in yi rubutu da shi, kuma cikin raha ya koya mini ladubban wurin: a nemi izini kafin a ɗauki alƙalamin wani, a tambaya ko marfin murɗawa ake yi ko zarewa, kada a danna baki da ƙarfi don a ga iya buɗewarsa. An ce mini haka abin yake a manyan tarukan Washington da Landan da Tokyo. Ba zan ɓoye ba, akwai 'yan dillalai a zauren da sai sun auna suturar mutum kafin su amsa gaisuwarsa, amma ba su ne masu rinjaye ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki har sai an rubuta wasiƙa a kanta. Tun da biro ya mamaye kasuwa a shekarun 1950 da 1960, masu sayar da kayan rubutu da yawa suka daina sanin abin da suke sayarwa. Ka tambayi ma'aikacin kanti wace tawada ta dace da wane alƙalami, sai ya juya kwali yana karanta maka abin da kai ma za ka iya karantawa. Ka kai gyara, amsa ɗaya ce, a jefar a sayi sabo, kuma ba a alƙalami kaɗai ba, haka ake yi da agogo da tabarau da jakar fata. Masu shagunan ba sa koyar da yaransu, yaran kuma ba sa ganin riba a koyon abin da maigida bai ɗauka da muhimmanci ba, ga shi tsofaffin gwanaye suna ta ƙarewa.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu gare ku. Na farko, ku isar da godiyata ga wannan baiwar Allah, ku kuma sa ta a gaba wajen horar da matasan da kuke ɗauka aiki. Na biyu, takardar rajistar layinku ta cika tun da hantsi, na ga mutane sun juya da alƙalumansu a hannu ba su samu shiga ba, don haka idan da hali ku ƙara kujera ɗaya da mai gyara ɗaya a baje-kolin baɗi.

Allah ya ƙara albarka a sana'arku, ya saka muku da alheri.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai sha'awar alƙaluman tawada