A Koyar Da Yara Lissafi Ta Hanyar Wasa Da Lambobi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin malamai da iyaye kan yadda ake koya wa yara lissafi.

Yara da yawa suna tsoron wannan darasi ne saboda an mayar da shi hadda zalla, alhali lambobi suna da tsari wanda yaro zai iya ganowa da kansa. A ba shi tsakuwa ɗaya, ya ƙara uku a gefenta, sannan biyar, sannan bakwai. Zai samu 4, 9 da 16, kuma kowane karo tsakuwoyin suna jeruwa su zama murabba'i. Idan aka yi haƙuri aka ƙyale shi, shi da bakinsa zai ce ƙarin tara zai ba da 25, kuma abin da ya gano da hannunsa da wuya ya manta da shi.

Haka ma wasan jera lambobi daga 1 zuwa 9 a gidaje tara da aka shirya uku-uku cikin murabba'i, ta yadda jimillar kowane layi, a tsaye, a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta ba da 15. Yaro zai yi tarawa sau da dama bai gaji ba, kafin ya lura cewa dole 5 ta zauna a tsakiya.

Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne ga mai fuskantar jarrabawa. Ban yarda ba, domin haddar jadawalin sau ma tana sauƙi idan yaro ya lura cewa a jadawalin sau tara, kamar a 18, 27 da 36, alƙaluman biyu suna haɗuwa su ba da 9. Ina kira ga kwalejojin horar da malamai da su sanya irin waɗannan wasanni cikin manhajarsu.

Naka,
Wani mai karatu